Zuwaira, Arwankar Ƴan Fim

A shekarar 2006 ne, lokacin hutun ƴan makaranta, Malam Dodo ya fara ɗora ido a kan Zuwaira. Wurin wani ƙaton sito ne a arewacin Paris, kusa da La Courneuve, inda aka zuba yashi, aka kafa bukkoki na kwali, aka ce ga ƙauyen Afirka. Shi an ba shi tsohuwar riga da sanda, aka ce ya tsaya gindin wani icce na roba ya yi shiru. Ya saba. Tun zuwansa Faransa, duk ranar da ba ya ɗaurin kaya a sito na wani Alhaji ɗan Maraɗi, aikinsa ke nan: figiran, wato mutumin da ake tsayarwa a baya don hoto ya cika. Ita kuwa ɗaliba ce ƴar shekara ashirin, wata ƙawarta ta kawo ta don ta samu abin yi kafin a koma karatu. Ya gane ƴar gida ce tun ba ta buɗe baki ba, daga yadda ta rusuna ta miƙa masa kofin shayi da hannu biyu.

Bayan cin abincin rana aka jera ƴan mata a bakin rijiya da ɗaurin ƙirji. Sai ga mataimakin mai shirya fim ɗin ya zo da sabon umarni, wai su sauke zannuwansu zuwa ƙugu, don haka matan ƙauye ke wanka. Ba a faɗi wannan da safe ba. Wasu suka sauke suna kallon yashi. Zuwaira ta riƙe bakin zanenta da hannu biyu, ta dubi hagu, ta dubi dama, ba ta ga kowa ba sai maza masu riƙe da wayoyi da fitilu. Mataimakin ya nufo ta yana murmushi, hannunsa a miƙe, wai zai taimaka mata.

Malam Dodo ba mai faɗa ba ne, kuma ya san figiran ba shi da baki a irin wannan wuri. Amma tun yana yaro a makarantar mishan ta Damagaram, inda ya taɓa fitowa a alƙali da gemun auduga a wasan ƙarshen shekara, malamai suka shaide shi da iya kwaikwayo. Sai ya kama tari. Tari ne irin na wanda ƙayar kifi ta tsaya wa a maƙogwaro, da shaƙewa da hawaye. Aka tsaya, aka ba shi ruwa. Aka sake ɗauka, tari ya dawo. Daga ƙarshe ya tafi luu ya faɗa kan tulu, ruwa ya bi wayoyi, fitilu suka mutu. Kafin a gyara, Zuwaira ta sa rigarta ta bi ta ƙofar baya.

An sallame shi a ranar, kuma kamfanin da ke samo musu aiki ya daɗe bai sake kiransa ba. Ko matarsa Balkisa bai gaya wa gaskiya ba, ya ce mura ce ta kama shi. Da suka haɗu da Zuwaira a wani suna a Montreuil, unguwar da yake zaune a gefen Paris, bayan wasu watanni, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ina tari?" Ya ce da sauƙi. Ya ji daɗi da ta ɗauka tarin gaske ne, don bai so yarinya ta riƙa jin nauyinsa. Tun daga ranar ya zama Babanta a wannan ƙasa, ita kuma ba ta sake tsayawa gaban kamara ba.

Zuwaira haifaffiyar Maraɗi ce. Mahaifinta gyaran keken ɗinki yake yi, kuma daga wurinsa ta gaji haƙurin zama da abu har sai ta ga inda ya cije. Da ta gama karatu ta auri wani direban tiram, jirgin dogo na cikin gari, suka koma Lyon, suka zauna a ɗaya daga dogayen benayen Minguettes a Vénissieux. Ta yi kusan shekara goma tana aiki a gidan kula da tsofaffi. A can aka san ta da abu ɗaya: ba ta taɓa jikin mutum sai ta faɗa masa inda za ta taɓa, ta jira amsa. Tana ɗumama hannunta da ruwan zafi tukuna. Akwai wata tsohuwa Bafaransa da ke dukan duk wanda ya kusance ta, amma Zuwaira ke taje mata kai, saboda kowace safiya sai ta sake tambayarta kamar ba ta taɓa yi ba. Abokan aiki suka ce ɓata lokaci ne. Ita kuwa cewa take wanda ya yarda jiya yana iya ƙi yau.

Da masu shirya fim suka fara ɗaukar mutum na musamman don ya kula da irin wuraren da labari ke kai ƴan wasa ga taɓa juna, runguma, sumba ko tuɓe tufa, sai Zuwaira ta ajiye aikinta ta je ta koyi wannan. Faransawa na kiran mai wannan aiki coordinatrice d'intimité. Ita ce ke zama da kowane ɗan wasa shi kaɗai ta ji abin da zai iya da wanda ba zai iya ba, ta kai wa mai shirya fim, sannan a tsara kowane motsi tun kafin a kunna kamara: hannu zai tsaya nan, zane zai rufe can, waɗanda ba su da aiki a ɗakin su fita. In ta ga wani ya takura, tana da ikon ta ce a dakata.

Labari ya iso Montreuil a karkace. A ɗakin cin abinci na gidan ma'aikata, inda Malam Dodo ke shan shayi da tsofaffin abokansa tun bayan rasuwar Balkisa, wani ya ce ai ƴar Malam ta shiga fim ɗin banza. Malam Dodo ya ajiye kofinsa, ya tambaye shi ko a garinsu amarya ita ke yi wa kanta wankan aure. Mutumin ya ce a'a, arwanka ke yi. Ya ce to, wa ke korar yara daga bakin ƙofa, wa ke riƙe zane, wa ke cewa ya isa? Aikin Zuwaira ke nan. Daga ranar sunan ya bi ta, har waɗanda suka yi gulmar suka koma kiranta Arwanka, ita kuma tana amsawa da dariya.

A farkon 2023 aka kira Malam Dodo. Wata mai shirya fim, Leïla, tana haɗa wasan talabijin a kan wani iyali na ƴan Nijar mazauna Lyon, tana neman dattijo mai jin Hausa ya fito a kakan gidan. Wannan karon ba tsayuwa a baya ba ne. Akwai magana shafi-shafi, da Hausa da Faransanci, kuma a kan mutuwar kakan labarin zai ƙare. Mutumin da ya haura shekara talatin yana riƙe mashi, yana share titi, yana buɗe ƙofar mota a fina-finan wasu, yanzu zai yi magana a ji. Ya haddace rabonsa a cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, yana motsa baki har fasinjoji na matsawa. Ya sayi sabuwar hula. Babu wanda bai gaya wa ba, har ƙanensa a Damagaram.

Wuri ɗaya ne a rubutun ya ɗan tsaya masa. A safiyar ƙarshe, matar kakan za ta shafa masa man zafi a ƙirji, ta ɗora kanta a kai, sannan in ya cika ta rufe masa ido. Ya ce a ransa aiki ne, da wata baƙuwa da ba zai sake gani ba. Kuma ya ji Zuwaira ce aka ɗauka ta kula da wannan, sai hankalinsa ya kwanta.

Ita ta tarbe shi a tashar jirgin ƙasa ta Lyon, ta karɓi jakarsa, suka gaisa tun daga lafiyar gwiwa har zuwa sanyin bana. A wani ɗan shagon shayi ta tambaye shi game da wurin nan. Ya ce ba komai.

"Baba, ni da kai mun san Bahaushe," in ji ta. "Ko ƙafarsa ka taka, ba komai zai ce maka. Ni ba na aiki da ita. Zan sake tambaya gobe."

Ya ce ita dai ta cika tsirfa, ya tura mata sukari.

Washegari aka taru a wani zaure a Vénissieux don gwaji. Malam Dodo na zaune yana maimaita maganarsa, ƙofa ta buɗe, aka ce ga matar kaka ta iso. Ya ɗaga kai, sai ya ga Hajiya Husainatu.

Hajiya Husainatu yayar Balkisa ce. Ita ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma a gabanta iyayen Malam Dodo suka durƙusa suka nemi aure. Ƙanwar mata abokiyar wasa ce, amma yayar mata, balle wadda ta yi reno, suruka ce sosai. Tsawon aurensa bai taɓa cin abinci a gabanta ba, bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama a tabarmar da take kai ba. Rabonsa da ita tun sadakar arba'in ta Balkisa. Tana zaune a Minguettes wurin ɗanta, tana yi wa yaran unguwa tatsuniya ranar Laraba, a nan masu neman ƴan wasa suka gan ta. An ce mata wani dattijo ne zai zo daga Paris, shi kuma an ce masa wata tsohuwa ce ta Lyon.

Ya miƙe, ya cire takalmi, ya durƙusa har gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ita ta ja mayafi ta juya, tana amsa gaisuwar tana kallon bango. Leïla ta tafa hannu don murna, ta ce waɗannan har sun shiga wasan tun ba a fara ba. Ta tambaya ko sun san juna, ko akwai wata damuwa. Hajiya ta ce ba komai. Malam Dodo ya ce ba komai.

Aka shimfiɗa katifa a tsakiyar zaure, aka ce ya kwanta. Yana kwance yana kallon silin, lissafi ya kama shi. In ya ƙi, akwai wani dattijo a Paris da aka ajiye ko da wani abu zai faru, a yini ɗaya za a kawo shi. Ko kuma a sallami Hajiya, a ce shi ne ya hana ta. In ya yarda, kan yayar Balkisa zai kwanta a ƙirjinsa, kuma za a kalli wannan a kowace waya daga Montreuil har Damagaram. Ya ji takun Hajiya yana matsowa a hankali, kamar mai tafiya kan ƙaya. Hanya ɗaya ya sani, ta 2006. Ya ja numfashi, ya gyara murya.

Bai kai ga tarin ba Zuwaira ta ɗaga hannu ta ce a dakata. Ta ce gwajin wannan wuri sai gobe. Leïla ta dube ta, ta dubi agogo, amma ba ta yi musu ba.

Ta same shi a bakin titi, wurin jiran tiram, da jakarsa a kan cinya. Ta zauna a ɗaya gefen bencin. Ya ce mata gara ya koma gida, shekaru sun ja, ƙirjinsa ba daɗi. Ba ta ce masa ƙarya yake ba. Ta ce ta ga yadda ya cire takalmi, ta ga inda Hajiya ta juya fuska, abin da take so kawai shi ne ya ba ta izini ta gaya wa Leïla dalili, don ba ta kai sirrin ɗan wasa sai da yardarsa. Ya dubi layin tiram. Sannan ya ce ta fara tambayar Hajiya.

Daga baya ne ya ji yadda aka yi. Zuwaira ta hau benen da Hajiya ke zaune ta tarar da ita a madafa tana yanka kuɓewa, ta ɗauki wuƙa ta taya ta. Sai da suka kusa gamawa tsohuwar ta yi magana. Ta ce ita a cire ta ba abin da zai dame ta, amma kar a kori mijin Balkisa, don marigayiyar ta sha gaya mata yadda yake tsayawa gaban madubi yana magana shi kaɗai.

Da Leïla kuwa sai da aka kai ruwa rana. Ba don rashin fahimta ba. Leïla ta ce kakanninta da suka zo daga Aljeriya sun yi zaman aure har mutuwa ba ta taɓa ganin ɗaya ya riƙe hannun ɗaya ba, kuma don wannan ne ta rubuta wurin, tana so ko sau ɗaya ta ga abin da ba ta gani ba. Zuwaira ta saurare ta har ƙarshe. Ta ce ba za ta ce mata kuskure ba ne, amma waɗannan biyun ba za su iya ba, in ma an tilasta su kamara za ta nuna mutum biyu masu jin kunya ne, ba miji da mata ba. Ta roƙi a gwada wata hanya. Leïla ta yarda a bar man zafi da kwanciya a ƙirji. Abu ɗaya ta ce ba ta bari: sai an ga hannu ya rufe masa ido. In babu wannan, za ta kira Paris.

Ranar ɗauka da safe, a wani ɗaki na bene da aka mayar ɗakin kaka, Zuwaira ta fitar da kowa sai mai kamara, mai ɗaukar sauti da Leïla. Ta sa aka ajiye wa Hajiya kujera ƴar tsugunno a bakin ƙofa, nesa da gado, rabin bayanta ga mara lafiya. Ta miƙa mata kofi biyu da kunu mai zafi. Ta ce ta yi abin da ta ga iyayenta mata suna yi.

Aka fara. Malam Dodo ya faɗi maganarsa yana kallon silin, a kan gonar da ya baro da jikokin da ba su san ta ba. Hajiya tana fifita kunu, tana ɗaga kofi sama tana zubawa cikin ɗayan, tana yi masa faɗa ba ta kira suna ba, wai mai taurin kai, tun jiya bai sa komai a ciki ba. Ta ɗanɗana, ta tura kofin da yatsa har inda hannunsa zai kai. Sannan ta sunkuya ta juya takalmansa suka fuskanci ƙofa, kamar yadda ake yi wa mai shirin fita masallaci. Wannan ba ya cikin rubutu. Da gefen ido ya ga yadda take ɗaga kofin, sama fiye da kima, tana karkata wuyan hannu. Haka Balkisa ke yi. Bai taɓa sanin inda ta koya ba, don bai taɓa kallon yayarta tana aiki ba. Muryarsa ta karye a tsakiyar magana, ya ci gaba a haka. Leïla ba ta tsayar ba.

Saura hannu. Hajiya ta fita. Malam Dodo na kwance yana jiran ya ji wa za a kawo, sai ya ga Zuwaira ta dawo da mayafin Hajiya a kafaɗarta da warwaron Hajiya a hannu. Ta wanke hannun da ruwan ɗumi, ta ja bakin mayafin ya rufe shi har zuwa yatsu, yadda ba wanda zai gane na yarinya ne ko na tsohuwa. Ya lura ba ta duban inda kamara take. Ya tuna shekara goma sha bakwai ke nan ba ta tsaya a gabanta ba.

Ta durƙusa a gefen gado. "Baba, zan ɗora hannuna a goshinka ta kan mayafi, in sauko da shi in rufe maka ido. Ba zan wuce nan ba. Ka yarda?"

Ya buɗe baki zai ce ba komai, ya ga tana jira.

"Na yarda, ɗiyata."

Ya ji ɗumin hannun ta cikin yadi, ya rufe ido.

Da aka nuna wasan a ƙarshen shekara, an ja tebura a gidan ma'aikata na Montreuil, aka kalla tare. Sunan Malam Dodo ya fito da manyan baƙaƙe, na uku daga sama, ƙanensa ya kira daga Damagaram yana kuka. Wani ya ce Hajiya ta iya rufe ido kamar ta saba. Malam Dodo ya kurɓi shayinsa. Sunan Zuwaira ya wuce can ƙasa cikin na ma'aikata, kuma ba a rubuta ko'ina cewa hannunta ne ba, don ita ta ce kar a rubuta.

Amma abin da ya fi tunawa ya faru ne tun ranar da zai bar Lyon. Ta raka shi tasha, ta ɗora masa jaka, ta miƙa masa ƙullin dambun nama da Hajiya ta aiko ba tare da saƙo ba. Har ya sa ƙafa a matakala, sai ta cusa masa wani ɗan gwangwani a aljihu. Ya ciro ya duba, alewar maganin tari ce.

"Ta mece ce?" ya ce. "Ni lafiyata lau."

"Na sani, Baba," in ji Zuwaira. "Tun a La Courneuve na sani."

Ƙofar jirgin ta rufe. Ya zauna a kujerarsa kusa da taga, ya buɗe gwangwanin, ya jefa guda a baki.